Mayafin Da Ban Ɗaga Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, ina cewa wane ya yi wauta, wance ta yi sakaci. Yau ga ni na kawo nawa. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, har asibitin da abin ya faru da garin da yake.

A lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ina aikin jinya, ina kuma ji da kaina. Ni 'yar Bodinga ce, mahaifina malamin allo ne, aure ya haɗa ni da gidan masu shanu a wani ƙauye na ƙasar Shagari. Ni da maigidana, wanda malamin sakandare ne, muna zaune kusa da wurin aikina, ƙauye sai ziyara. A asibiti an san ni da zafin nama, an kuma san ni da baki. In ɗaliba ta zo koyon aiki na ga tana noƙewa wajen wanke wa namiji ciwo, sai in tara mata jama'a da tsiya, in ce ta koma gida a yi mata lalle, nan ba zauren zance ba ne. Karin maganar da ba ta barin bakina ita ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗe ta ga 'yan mata da yawa, wasu har da hawayensu, ni kuwa ina ganin gyara su nake yi.

Amma duk bakin nan nawa, akwai mutum ɗaya a duniya da in na hango shi jikina yake mutuwa, shi ne surukina, mahaifin maigidana. Mu a wajenmu kunyar suruki ba abin wasa ba ce. Shekara bakwai ina auren ɗansa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci ko shan ruwa yana wurin ba, sunansa kuwa ko a mafarki. In mun je ƙauye daga nesa nake durƙusawa, in ja gyale in rufe rabin fuska, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon wani gefen. Na fi sanin takalmansa da gindin sandarsa fiye da fuskarsa. Ga shi kuma duk gidan ba wanda nake girmamawa kamarsa. Lokacin da dangi suka taso wai matar ɗansu ba za ta riƙa taɓa mazan mutane a asibiti ba, shi ne ya tsawatar. Aka kawo mini labari cewa ya ce a ƙyale ɗiyarsa ta yi aikinta, wata rana wani daga cikinsu ne zai kwanta a gabanta. Maganar ta mutu daga ranar. Ban taɓa yi masa godiya baki da baki ba, don babu hanyar yi.

Inda nake aiki shi ne ɗakin kulawa ta musamman, wurin da ake ajiye waɗanda jikinsu ya yi tsanani, ko waɗanda ake tsoron zai iya juyawa kowane lokaci. Gado huɗu ne, kowanne da na'urar da ke nuna bugun zuciya da awon jini da yawan iskar da ke jikin mutum, wadda 'yan jinya ke kira talabijin. A makaranta an koya mana cewa a irin wannan ɗaki nas ɗaya mara lafiya ɗaya ne, in abu ya matsa biyu. Da aka buɗe ɗakin mu shida ne. Biyu suka samu canji zuwa birni, ɗaya ta fita waje, ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ba a kuma kawo madadin kowa ba. Muka koma muna karɓa-karɓa, mutum ɗaya tal a ɗaki, akan aro mana wata daga wani sashe in abin ya gagara. 'Yan uwan marasa lafiya ba sa shiga, sai dai su leƙo ta gilashin ƙofa. Haka za ki wuni daga ke sai ƙarar na'urori da numfashin mutanen da ba sa iya magana. Sannu a hankali na saba da abin da bai kamata ba, wato in tsaya a tsakiyar ɗaki in karanta allo huɗu da ido ɗaya, in ce kowa lafiya.

Ranar da abin ya faru ina aikin safe, da marasa lafiya biyu: wata mai jego da jijjiga ta kama bayan haihuwa, da wani magidanci mai ciwon suga da ya suma. Wajen ƙarfe goma aka turo gado, likita na biye. Ina ɗaga kai na ga takalman da na sani a hannun ƙanen surukina, wanda muke kira Baffa, yana tsaye a bakin ƙofa. Surukina ne a kan gadon. Ashe tun jiya da yamma wani bijimi ya matse tsohon da gefen kwamin shayarwa a bakin rijiya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya kora shanunsa gida, bai faɗa wa kowa ba, sai da safe aka ga ya kasa ruku'u. Maigidana kuwa yana Sakkwato wajen makin jarrabawa, an kira shi yana neman mota.

Likitan baƙo ne a wajenmu, bai san dangantakarmu ba, ni kuma ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina gyara wa mai jegon ƙarin ruwa, har shi da kansa ya sa wa tsohon ruwa, ya maƙala masa abin awo a yatsa, ya ɗaura masa na damtse, ya sauke masa riga ya ja mayafi ya rufe shi. Sannan ya kira ni gefen gadon, ya yi bayani a fili da Hausarsa, tsohon na ji. Ya ce hoto ya nuna haƙarƙari biyu sun karye ta hagu, can ƙasa, daidai inda saifa take. Gwajin jinin farko bai nuna matsala ba, mai sikanin ciki kuma sai yamma zai zo, don haka ba shi da tabbacin ko saifar ta tsage. Ya ce irin wannan jinin a ɓoye yake zuba, kada in dogara da allo kaɗai. Duk rabin awa in ɗaga mayafi in danna cikin, in auna faɗinsa da tef, in duba cikin idonsa da tafin hannunsa, in taɓa ƙafafunsa in ji ko sun yi sanyi. In ciki ya fara tauri ko kumbura, in aika a fito da shi ko yana tsakiyar aiki, don a lokacin shi kaɗai ne likita a asibitin kuma mata biyu na jiran tiyatar haihuwa. Na ce to, ya fita.

Da ƙofar ta rufe, na tsaya riƙe da tef ɗin kamar wadda aka dasa. Na durƙusa daga ƙafar gado na gaishe shi kamar yadda na saba, na tambayi jiki. Ya amsa da sauƙi, a hankali. Mai jegon ta fara wani yunƙuri, na ruga wajenta, na kuwa ji daɗin samun dalilin barin wurin. Da na dawo rabin awar farko ta cika, na tarar ya juya fuskarsa bango, ya rufe ido, mayafi har wuya. A raina na ce ka ga, shi ma nauyina yake ji, ba ya son in matso. Na kalli allo, lambobi sun yi kyau. Na ɗauki takardar awo na kwafe su, na zo layin da ake rubuta yadda ciki yake, biro ya tsaya a hannuna. Na ce bari in bari sai zagaye na gaba. Amma layi ba ya zama fanko a takardar ɗakinmu, don haka na rubuta cewa ciki da laushi, babu kumburi. Wannan ce ƙaryar farko, kuma ita ce ta fi wuya. Sauran biyar ɗin da suka biyo baya hannuna ne kawai ya riƙa maimaitawa.

Kada mai karatu ya ɗauka ba ni da mafita. Ɗakin maza yana tsallaken baranda, akwai nas namiji a can, ko da yake shi ma shi kaɗai ne da ɗaki cike. Da na leƙa na ce masa surukina ne, ya zo ya danna mini ciki duk rabin awa, minti biyu ne. Abin da ya hana ni shi ne sanin cewa kafin azahar labari ya zaga asibiti, wai Sista mai ranar wanka yau ta ɓoye cibi. Na tuna fuskokin ɗaliban da na sa kuka. Kunya ta hana ni ɗaga mayafi, girman kai ya hana ni kiran wanda zai ɗaga. Ni ɗiyar malam ce, tun ina yarinya na ji a zauren mahaifina cewa lalura tana ɗage irin wannan nauyi. Ba jahilci ya kai ni ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Akwai wani abin da na sani, na kuma ƙi bari zuciyata ta tuna. Tsohon yana da hawan jini, ni ce ma nake ba maigidana maganin ya kai masa, kuma irin maganin nan yana hana zuciya saurin bugawa. Ke nan ko jini na zuba, bugun da zai tashi ya tona asiri ba lallai ya tashi da wuri ba. Awon jininsa kuma da nake gani daidai, daidai ne ga mai lafiya, amma ga mutumin da nasa ya saba zama sama, sauka yake yi. Na'ura ba ta san wannan ba, ba ta san shi ba. Ni ce na san shi. Kaɗan-kaɗan lambar take raguwa, ba ta kai inda ƙararrawa za ta yi kuka ba, ni kuma na jingina da shirunta.

Wajen sha biyu da rabi wata dattijuwa mai sharar ɗakinmu ta shigo da bokitinta. Ta goge ƙarƙashin gadonsa, ta ɗago ta ce mini wannan bawan Allah zufa yake yi ga ɗaki da sanyi, kuma ta ji yana cewa ƙishirwa a hankali, kamar ba ya son a ji. Na san me zufa mai sanyi da ƙishirwa suke nufi ga mutumin da ake tsoron jini na zuba a cikinsa, ko ɗalibar shekarar farko ta sani. Amma na ce mata ta yi shararta ta bar mini aikina, na'ura ta fi ta sani. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta ja bokitinta. Na matsa har tsakiyar gadon, na miƙa hannu, yatsuna suka taɓa bakin mayafin. Sai na ga furfurar gemunsa daf da ni, kusancin da ban taɓa yi ba, na janye hannu na koma. Daga gilashin ƙofa Baffa na kallo, ya gyaɗa mini kai alamar sannu da ƙoƙari.

Ƙarfe ɗaya ta wuce da 'yan mintuna ƙararrawar ta ɗauka. Lambar da ke ta saukowa a hankali ta faɗi lokaci guda. A nan kunya ta gudu, ban ma san sanda na fizge mayafin ba. Na tarar rigarsa a naɗe har ƙirji, cikin a buɗe, ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Tafin hannunsa fari fat, ƙafafunsa kamar an tsamo su daga randa. Da hannuna ya sauka a cikinsa, ya motsa leɓe, fuskarsa na bango har lokacin, ya ce, "Ɗiyata, kin taho?" Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Na ƙwala wa nas ɗin ɗakin maza kira ta taga, kira ɗaya ya bar komai ya rugo, bai tambaye ni komai ba, balle dariya. Aka fito da likita da rigar tiyata, macen da ya buɗe wa ciki na kan tebur tana jiransa. Jinin da muke da shi leda ɗaya ne da ya dace, aka ɗaura, aka ce a wuce da shi Sakkwato.

Ban bi motar ba. In na bi, wa zan bar wa mai jego da mai ciwon suga? Nas ɗin nan ne ya shiga motar tare da Baffa. Na koma ɗaki na rufe ƙofa, na cire zanen gadon da ya tashi, na ci gaba da auna mutum biyun da suka rage. Ba a yi awa ɗaya ba waya ta shigo. Sun wuce Bodinga kaɗan, garinmu, rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ajiye wayar, lokacin allurar mai jego ya yi, na je na yi mata. Har wadda za ta karɓe ni ta iso ba wanda na gani da zan faɗa wa ko da kalma ɗaya.

Washegari likita ya ɗauki takardar awon ya daɗe yana dubawa. Sau shida an rubuta ciki da laushi, da hannuna, da sa hannuna. A lokacin ya riga ya ji ko wane ne mamacin a wajena. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce saifa takan yi haka, ta riƙe jini na sa'o'i sannan ta ɓalle gaba ɗaya, kada in ɗora wa kaina. Ban sani ba ko ya yarda da takardar ne ko tausayina ya ji. Da ya tsare ni da tambaya, wallahi da na faɗa, da kuma na samu sauƙi. Bai tambaya ba, ni ma na yi shiru, takardar ta shiga fayil.

A gidan makoki ne na gane irin hukuncin da aka yanke mini. Baffa ya riga ya ba kowa labari cewa yana leƙe ta gilashi tun safe, matar ɗansu ba ta zauna ba, kuma duk da tana bakin aikinta ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta kalli surukinta ba, daga ƙafar gado take tsayawa. Mata suka riƙa shigowa ɗakin uwar mijina suna nuna ni, suna cewa ga ɗiyar mutunci, boko bai cire mata kunya ba. Uwar mijina ta riƙe hannuna tana kuka tana sa mini albarka, ta ce marigayi bai yi kuskure ba da ya tsaya mini. Maigidana ya gode mini, ya ce hankalinsa ya kwanta tunda a hannuna mahaifinsa ya yi sa'o'insa na ƙarshe. Ana yabona da abin da na san shi ne laifina, ina sunkuyar da kai, su kuma suna ɗauka ƙarin kunya ce.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Dattijuwar mai shara ta zo yi mini gaisuwa, ba ta riƙe ni da komai ba. Cikin hira ta ce ita tsohon nan ya ba ta tausayi, don da safen ma tana ɗakin tana shara lokacin da likita ya fita ni kuma na tafi wajen mai jego. Ta ce ta gan shi yana ta fama da rigarsa a ƙarƙashin mayafi, yana cije leɓe saboda haƙarƙarin, har ya naɗe ta zuwa ƙirji. Ta tambaye shi ko zafi yake ji ta kira ni, ya ce a'a, ɗiyarsa ce za ta zo awo, ba ya son ta sha wahalar tuɓe shi. Daga nan ya juya fuskarsa bango ya rufe ido. Ta faɗi wannan ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Ashe juyawar da na ɗauka korata yake yi, hanya ya ba ni. Ya ji umarnin likita, ya san nauyin da ke kaina, ya ɗauke mini duk abin da zai iya ɗaukewa, ya kwanta yana jirana awa uku. Ina jin duk zagayen da na yi yana jin takuna, yana jin na tsaya, yana jin na koma.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Mai yiwuwa ko na ɗaga mayafin tun ƙarfe sha ɗaya kwanansa ya ƙare. Amma awa biyu ko uku da na cinye sun isa a kai shi Sakkwato da sauran ƙarfinsa, kuma ni ba a tambaye ni ajali ba, an ce ne in danna ciki. Shekaru sun wuce, har yau maigidana bai sani ba. Sau da yawa nakan shirya faɗa masa, sai in ji yana ba 'ya'yanmu mata labarin kunyar uwarsu don su yi koyi, sai maganar ta koma ciki. Ina zaune cikin mutanen da ke ƙaunata, amma wadda suke ƙauna ɗin ba ni ba ce, kuma ban san kaɗaicin da ya kai wannan ba. Ina istigfari, ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Ɗalibai kuwa na daina yi musu tsiya. In na ga yarinya ta noƙe, nakan kama hannunta mu ɗaga mayafin tare.

Ga masu iko da asibitoci, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da mu biyu ne a ɗakin nan, da kallo ɗaya ya isa abokiyar aikina ta gane ta karɓe ni. Ku daina sayen na'ura kuna barin ta da mutum ɗaya. Ga 'yan uwana masu aikin jinya, allo lamba kawai yake nunawa, bai san maganin da mutum yake sha ba, ba ya jin sanyin ƙafa, ba ya ganin zufa. Kada ku rubuta abin da hannunku bai taɓa ba. In an kawo muku wanda kuke jin nauyinsa, suruki ne ko uba ko malami, ku faɗa tun a bakin ƙofa, a yi muku dariyar ta kwana biyu ta wuce. In kuma babu kowa sai ku, ku yi bisimilla ku matsa. Dattawanmu ba sa kiran ciwo da sunansa, da sauƙi za su ce har numfashi ya ƙare, kuma wanda kuka ga ya juya muku baya wataƙila jiranku yake yi. Nawa ya jira ni, ya tambaye ni ko na taho. Na taho, Baba, amma na makara.